Abin da Na Zuba a Kunun Ƙwadago

Ni na fara ba shi. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya yi zaton ni ne mutumin kirki a labarin. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, autanmu, kuma ƙwayar farko da ta shiga cikinsa daga hannuna ta fito, bai ma sani ba.

Wanda bai yi noman rani a wajenmu ba, tsakanin Kura da Bunkure, ba zai gane yadda ruwa ke mulkin mutum ba. Daga Tiga yake tahowa ta babban kanal, a raba shi ɓangare-ɓangare. Namu ɓangaren Litinin da Alhamis ne. Da sassafe mai ƙofa, wato mai buɗe mana ƙofar ruwa, zai juya ƙarfensa, ruwa ya cika kanal ɗinmu, ya shiga ƙananan magudanan da ke bin gefen gonaki, kowa ya jera tiyonsa yana janyo rabonsa. Da la'asar sakaliya a rufe. In ka gama, ka gama. In ba ka gama ba sai wata ranar ruwan, shuka kuwa ba ta san uzuri ba. Dashe dole ranar ruwa ake yinsa, kuma dole a ƙare shi a ranar, ko bayan mutum zai karye.

Ta nan ƙwaya ta samu ƙofa. A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauye, masu yawo da akwatin magani a babur suka fara kawo ta har bakin gona. Wani ya gwada, ya ga 'yan ƙwadagonsa sun yi aikin kwana biyu a yini ɗaya, ya raɗa wa wani. Ba a hannu ake ba mutum ba, a kunu ake zubawa. Matarka ta dama kunun tsamiya ta cika jarka, kai kuma a hanya ka raɓe bayan bishiya, ka murƙushe 'yan ƙwayoyi ka zuba, ka ƙara sukari ya danne ɗacin, ka girgiza. Ban ce kowa ya yi ba. Amma ni na yi, kuma na san gonakin da ake yi.

Auta a lokacin ya haura talatin, da matarsa da 'yarsa ɗaya. Tare muke noma gonar da mahaifinmu ya bar mana. Tare da 'yan ƙwadago yake cin abinci, don haka tare suka sha. Ranar farko ya sha moɗa biyu, ya goge baki ya ce, "Yaya, kunun yau da albarka yake. Ji nake kamar in dashe har gonar maƙwabta."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Sai a shekara ta biyu ya kama ni ina murƙushewa. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon jarkar, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni tawa daban, ba sai ta biyo ta kunu ba." Na ba shi. Me zan ce masa? In hana shi abin da na shekara ina ɗura masa?

Daga nan ya wuce ni. Ya koma saya da kansa, biyu ta zama biyar, biyar ta zama cikin tafi, ya haɗa da maganin tari. Barci ya ƙaurace masa. Ya rame, haƙoransa kullum suna ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Sau biyu yana faɗuwa a tsakiyar gona yana shure-shure, kumfa a baki. Innarmu ta ce iskokin kanal ne, ai an daɗe ana cewa ruwan nan ba shi kaɗai yake tafiya ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ni ne ma nake riƙe masa kaskon hayaƙin, ina cewa amin, alhali na san sunan aljanin da inda ake sayar da shi. Matarsa ta yi iya haƙurinta, ranar da ya ɗaga tukunyar miya ya kife don wai akwai ido a ciki yana kallonsa, ta goya 'yarta ta tafi gidansu a Dawakin Kudu. Ba wanda ya ga laifinta.

Abin da ya tayar da gari ba Auta ba ne. Wani ɗan ci-rani ne da ke yin ƙwadago gona-gona. A inda kanal ɗinmu ya iso titi, ruwan nutsewa yake yi ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a ɗaya gefen. A bakin ramin an gitta ƙarafa kamar haƙoran mataji don su tare shara. A jikin ƙarafan nan aka same shi wata Litinin da hantsi, ruwa ya manna shi tare da ganyaye da ledoji. An ce wanke fuska ya je yi, faɗuwar ta same shi a bakin ruwa. A aljihunsa aka ciro ƙullin ƙwaya. Ba a gonata ya yi aiki ranar ba. Amma makon da ya wuce a gonata ya yi, kuma ya sha kununa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ƙungiyarmu ta masu ban-ruwa ta kira taro a filin firamare. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, dattijon cocin mutanen Jos da kudancin Kaduna da ke zaune a bakin titi shi ma ya zo, don su ma abin ya ci musu 'ya'ya, ga ta giya a kai. Aka yi ta magana, wani na ɗora wa masu babur, wani na ɗora wa iyaye. Sai Sarkin Noma ya miƙe, tsoho ne da ba ya tauna magana, ya ce, "Ku daina zagaye-zagaye. Ƙwayar nan ba da ƙafarta take shiga jarka ba."

Ni dai ƙasa nake kallo.

Abu biyu aka yanke. Na farko, duk wanda aka tabbatar ya zuba wa 'yan aiki ƙwaya, za a toshe magudanarsa ranar ruwa biyu a jere. Na biyu, duk wanda ke da mara lafiya a gida, wanda ƙwaya ko giya ta taɓa wa kai, ya kawo shi gaban kwamitin ƙungiyar, a haɗu a kai shi asibiti, ba gori ba tonon asiri. Duka biyun an faɗa da ƙarfi, a gabana. Amma na farkon kaɗai ya shiga kunnena. Tumatirina ya fara fure, zafi ya fara shigowa. Ranar ruwa biyu a irin wannan lokaci, furen zubewa zai yi kamar an kaɗe shi da tsintsiya. Abincin gidanmu na shekara ke nan.

Na daina zubawa daga ranar. Sarkin Noma ya rataya ludayinsa a wuya ya shiga bin gonaki yana ɗanɗana kunun kowa. Da ya zo tawa ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce, "Lafiya lau. Sai dai ka gaya wa uwargida, ƙasar nan ba a hana sukari ba." Aka yi dariya, na taya su.

Ta wajen kunu na tsira. Ta wajen Auta ne ban tsira ba, don bakinsa ya buɗe. Wata safiya a teburin mai shayi, mutane cike, ya nuna ni da cokali ya ce, "Ku tambayi Yaya. Shi ya san sirrin kunu. Shi ne malamina." Aka kwashe da dariya, wani ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Auta." Maganar mahaukaci suka ɗauke ta. Ni kuwa na ajiye kofin shayina. Yau sun yi dariya. Gobe fa, in ya faɗa a gaban Sarkin Noma?

A ƙarshen gonarmu akwai wani ɗan ɗakin bulo da muke tara kwandunan tumatir da buhunan taki, nesa da hanya. Ranar Lahadi na ce masa ya zo ya taya ni gyaran kwanduna. Da muka shiga na lalube aljihunsa na ƙwace ƙullin. Ya yi kaina, amma ba ƙarfi a jikinsa. Na danne shi, na ɗaura masa sarƙar da muke ɗaure injin ban-ruwa a ƙafa, na zarga ta a ƙarfen taga, na sa kwaɗo. Na fita na watsa ƙwayoyin a kanal, na dawo.

"Yaya, ina kayana?"

"Suna kanal. Kifi ya sha."

Na gaya wa kaina magani nake yi masa. Na ce in ya kwana bakwai bai sha ba jininsa zai wanke, shi ke nan. A gari kuwa na baza cewa ya bi motar tumatir zuwa Ikko. Inna ta dube ni, ita da ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce, "Kai, wanda bai iya kai loma bakinsa ba ne zai je Ikko? Da wane takalmin? Ga nasa can a ƙofar ɗaki." Na ce sabo ya saya. Ranar ba ta taɓa tuwon da aka kai mata ba.

Ban taɓa ganin abin da na gani a ɗakin nan ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya gani. Ranar farko zagi ne da roƙo. Rana ta biyu gumi ya riƙa zubo masa kamar an kwara masa bokiti, yana rawar sanyi da tsakar rana, ga amai ga gudawa. Ya ce tururuwa na tafiya a cikin ƙashinsa, ya yi ta susa har ya fitar da jini. Rana ta uku ya daina gane ni sosai. Ya ce kwandunan nan mutane ne a tsugune suna jiran a ba su kunu. In na kawo abinci sai in tsaya a bakin ƙofa in kasa kunne tukuna, in ji ko akwai numfashi, kafin in iya sa makulli. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya: kada in buɗe in tarar da gawa, kada kuma wani ya ji ihunsa. Kuma in faɗi gaskiya, a lokacin ban san wanne ya fi girma a raina ba.

Ranar Laraba da azahar mai ƙofa ya biyo ta kan gaɓar magudana a kekensa. Mutumin ƙasar Jos ne, Kirista, ya fi shekara ashirin yana buɗe mana ruwa, 'ya'yansa duk a nan aka haife su. Shi ma yana cikin kwamiti. Ya sauka muka gaisa, sai Auta ya saki wani nishi daga ciki.

"Maƙwabci, me ka ajiye a ɗakin nan?"

"Akuya ce ba ta da lafiya."

Ya kasa kunne. Auta ya ja salati da wata irin murya.

"To," in ji shi, "akuyar taka ta yi makarantar allo."

Ya jingine keken ya leƙa ta taga. Ya daɗe a wurin. Da ya juyo fuskarsa ta canza, wasan ya tafi.

"Kwana nawa?"

"Huɗu."

"Lokaci ɗaya ka yanke masa?"

Na ce e.

Ya zauna a kan gaɓa ya cire hularsa. Ya ce, "Ka san ni da kwalba a da, ba sai na ba ka labari ba. Shekarar da na ce na bari, rana ɗaya na bari, don in nuna ni namiji ne. A kwana na uku matata ta same ni ina dukan bango da kai. Da ba a kai ni asibiti ba, da yanzu wani ne ke buɗe muku ruwa. Ko ƙofar can da kake gani, ba na rufe ta gaba ɗaya. A hankali nake juyawa, in ba haka ba ruwan ya daki bango ya fasa. Mutum ne za ka rufe garam? Kwance shi mu kai shi yanzu."

Na kama hannunsa. Ni da gemuna, na roƙe shi kamar yaro. Na ce ya bari ruwan gobe ya wuce, in shayar da tumatirin nan sau ɗaya tak, jibi Juma'a da kaina zan kai shi gaban kwamiti.

"Tumatir," ya ce, yana kallona. "To. Ni ba zan kai ƙararka ba, kai za ka kai kanka. Amma gobe ina rufe ƙofa zan zo nan da mota, ko ka yarda ko ba ka yarda ba."

Daga baya ya gaya mini bai taɓa yin nadamar wani abu kamar wannan kwana ɗayan da ya ba ni ba.

Alhamis da safe na buɗe ɗakin na tarar da Auta a zaune, ya jingina da bango, idonsa a kaina sosai. Ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Ya tambayi Inna. Ya ce, "Yaya, na ji ƙarar ruwa. Yau Alhamis ko? Kai kaɗai ba za ka iya jera tiyon nan ba. Kwance ni in taya ka, in yi alwala kuma, kwana nawa ban yi salla ba."

Na ce alhamdu lillahi, jini ya wanke. Har wani alfahari na ji, na ce ashe mai ƙofa bai san komai ba. Gaskiya kuma ina bukatar hannu, don ban ɗauki 'yan ƙwadago ba saboda kada su ji motsinsa. Na buɗe kwaɗon.

Ya yi alwala a magudana, ya yi salla. Sannan ya kama aiki. Jera tiyo sai wanda ya iya: ka nutsa shi cikin ruwa ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka fizgo shi ka tsallakar da gaɓa ka saki, ruwa ya kama zuba da kansa. In iska ta shiga, ka sake daga farko. Auta hannunsa na rawa amma bai kuskure ko ɗaya ba. Na bar shi a kai, na gangara ƙarshen gona ina buɗe wa ruwa hanya da fartanya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Da na ɗago, babu kowa a wurin tiyo.

Na hango shi can a kan gaɓar kanal ɗinmu, yana tafiya a hankali yana leƙen ruwa, kamar mai neman abin da ya yar. Ya nufi wajen titi. Na jefar da fartanya na sa gudu, ƙafata na nutsewa a laka, ina kiran sunansa. Ya waiwayo, ya ɗaga murya ya ce, "Ka ce suna kanal, Yaya! Ga su can ina gani, farare!"

Ya zauna a bakin simintin ya zura ƙafa, kamar mai sauka daga gado.

Kanal ɗin ya fi tsayin mutum zurfi, gefensa siminti ne a gangare, gansakuka ta sa shi santsi kamar sabulu. Ranar ruwa kuwa gudu yake yi. Kafin in iso ya tafi da shi. Na bi gaɓa ina gudu ina ganin kansa na ɓullowa yana nutsewa, har ya kai shi inda ya kai wancan ɗan ci-ranin. Na ji ƙarar da jikinsa ya yi a kan ƙarafan. Ruwa ya manna shi, yana janyo ƙafafunsa ƙasa wajen ramin, ya riƙe ƙarfe ɗaya da hannu biyu, bakinsa na shiga ruwa yana fita. Na kwanta a kan cikina na miƙa hannu, saura kamu biyu ban kai ba. Ban iya ruwa ba. In na shiga, gawa biyu za a ciro.

Abu ɗaya ne ya rage, a rufe ƙofa. Rufe ƙofa da hantsi ranar Alhamis kuwa yanke ruwan ɓangare guda ne, kuma duk mai gona sai ya zo ya ji dalili. Na san haka sarai. Ina so in ce ban yi tunaninsa ba, amma na yi. Ya gilma mini a rai kamar ƙiftawar ido, ƙanena na shan ruwa a gabana. Wannan ƙiftawar ita ce abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Na tashi na ruga wajen ƙofa ina ihu, "Rufe! Rufe! Auta ne!" Mai ƙofa bai tambaye ni komai ba, ya kama ƙarfen ya fara juyawa. Na kama tare da shi ina so in murɗe shi gaba ɗaya, ya buge mini hannu. "Ba a yi mata haka! Koma wajensa, ka yi ta yi masa magana, kada ya saki!"

Na koma na kwanta a gaɓa. Ban san abin da zan ce ba. Na ce, "Auta, riƙe. Inna na jiranka. 'Yarka na jiranka. Auta, dube ni." Yatsunsa sun yi fari a kan ƙarfen. Ruwan ya sauka daga bakinsa zuwa wuya, daga wuya zuwa ƙirji, a hankali, a hankali, kamar ba ya so.

Da ruwa ya ja baya, tiyon kowa ya sha iska ya tsaya. Sai ga mutane daga ko'ina, da fartanyoyi a hannu, suna zage-zage, sun zo ganin wanda ya sace musu ruwa. Da suka ga abin da ke jikin ƙarafan, zagin ya mutu. Wani ya kawo igiyar ɗaure kwanduna, wasu samari biyu suka ɗaura a ƙugu suka sauka, aka janyo shi. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Aka kwantar da shi a gaɓa, ya yi ta aman ruwa.

Wani ya ce, "Af, ba an ce yana Ikko ba?"

Kowa ƙafar Auta yake kallo, inda sarƙa ta ci fata ta bar zobe ja. Sarkin Noma ya iso yana haki, ludayinsa na lilo a wuya. Ya dubi ƙafar, ya dube ni.

"Wa ya ɗaure shi?"

"Ni ne, Baba."

"Don me ba ka kawo shi ba? Ba a gabanka aka faɗa ba?"

Na ce, "Don kada ya gaya muku ni na fara zuba masa a kunu. Shi da duk wanda ya yi mini aiki shekara huɗu. Har da wanda aka ciro a nan."

Na zaci za a dake ni, kuma da an dake ni da na ji sauƙi. Ba wanda ya ɗaga hannu. Na ga mutum uku ko huɗu sun sunkuyar da kai, na kuma san dalilinsu. Sarkin Noma ya ce, "Ka san hukuncinka." Na ce na sani. Ya juya ya ce, "A nemo mota. Mai ƙofa, buɗe wa mutane ruwansu."

A bayan motar ɗaukar tumatir muka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Kano, ni da mai ƙofa da ƙanen liman. Likitan ya ji labari, ya tambayi kwana nawa aka yanke masa, ya dube ni ta saman tabarau. Mako shida Auta ya yi a can. Kwamiti suka raba kwanakin jinya a tsakaninsu, yau wannan gobe wancan, mutanen masallaci da mutanen coci, don kada gonar kowa ta mutu. Ban roƙe su ba. Abin da suka faɗa a filin firamare ke nan tun farko, ni ne ban ji ba.

An toshe magudanata Litinin da Alhamis, kamar yadda aka ce. Na tsaya na ga furen ya zube. Abin da na ɗaure ɗan'uwana don kada ya faru ya faru, kuma ba mu mutu ba. Mun ci tuwon dawa da miyar kuka har kaka. Inna ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata sai da kai.

Bayan abin da ya faru, mutum biyar suka kawo nasu marasa lafiyar gaban kwamiti, wasu ma daga ɗakunan da ba wanda ya san akwai mutum a ciki. Aka kuma fara wani zama duk Alhamis in an rufe ruwa, a ƙarƙashin dalbejiyar da ke bakin ƙofa. Waɗanda suka bari da waɗanda ke son bari su zauna da mai ƙofa, a ci rake, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. Ba wa'azi ake yi ba. In wani bai zo ba, a tashi mutum biyu su je gidansa su gani.

Auta ya dawo, amma ba duka ba. Maganarsa ta yi nauyi, hannunsa bai daina rawa ba, kuma duk wata sai an je an karɓo masa magani. Sau ɗaya ya koma wa ƙwaya, 'yan zaman dalbejiya suka gane tun kafin ni, aka sake kai shi. Matarsa ta dawo bayan shekara biyu. Yana noma, yana jera tiyo, har yanzu ba a fi shi iyawa ba. Ni kuwa duk ranar ruwa in na ɗago ban gan shi ba, ko bayan gida ya zaga, sai ƙafata ta ɗauke ni zuwa bakin titi in leƙa ƙarafan nan. Ganyaye da ledoji kawai nake tararwa, amma sai na leƙa.

Bai taɓa yi mini maganar sarƙa ba, ko sau ɗaya. Yana gaishe ni, yana ce mini Yaya, muna ci a kwano ɗaya. Sai dai in an kawo kunu gona, ko wa ya dama shi, ko matarsa ce, yakan zuba a moɗa ya miƙo mini, ya tsaya yana kallon maƙogwarona har in haɗiye. Sannan ya karɓa ya sha.